Me za mu kira "kwalitetif analisis" da Hausa?

Assalamu alaikum malamaina, musamman masu koyar da kemistiri a makarantun karkara da kuma malaman Hausa. Kalma nake nema. Ina da wadda raina ya kwanta da ita, amma sai kun sa baki.

A jarrabawar WAEC ta ɗakin gwaji akan miƙa wa ɗalibi wani gari a 'yar kwalba, ba suna sai harafi guda, a ce ya gano ko mene ne. Wannan aiki shi ne kwalitetif analisis. Yana da ɗan'uwa, kwantitetif analisis, mai tambayar nawa ne a ciki. Yaranmu na ƙauyukan Ringim sukan haddace sunayen biyu su cakuɗa su, domin a kunnensu duk ɗaya ne. Na biyun bai wahalar da ni ba, awon sinadari nake cewa, kowa kuma ya san awo. Na farkon ne ya tsaya mini a rai.

Wani abokin aiki ya ce a bar shi a gwajin sinadari. Gwaji ya yi faɗi, awon ma ai gwaji ne. Wani malamin Hausa daga wajen Gumel ya kawo tantance sinadari, kuma na daɗe ina juya ta. Tana da kyau. Sai dai tantancewa a bakin mutanenmu yau ta koma ta 'yan takara da ma'aikata, wato ka riga ka san abin, kana duba sahihancinsa ne kawai. Mu kuwa ba mu ma san abin da ke kwalbar ba.

Ni shaidar sinadari nake so, ga kuma hujjata, da kanwar da ke kowane gida.

Ka jiƙa kanwa, ka ɗiga a ruwan zoɓo. Jan nan zai gushe ya koma duhu mai ratsin kore. Zoɓo ya ba da shaida cewa abin nan alkali ne, kishiyar asid. Ka zuba wa kanwar ruwan lemon tsami, sai ta yi kumfa tana tsuwwa. Iskar da ke fita, idan aka bi da ita ta cikin ruwan kalsiyam haidiroksayid, ruwan zai yi fari, alamar kabon dayoksayid ce, ke nan akwai kabonet ko bayikabonet. Sannan ka ɗebi kaɗan a bakin waya mai tsabta ka kai wa harshen wuta. Da Turanci "fotash" ake ce wa kanwa, har mutum ya ɗauka fotasiyam ce zalla. Wutar fotasiyam kuwa shuɗi-shuɗi take yi mai sirkin ja, ita kuma kanwa rawaya take bayarwa ƙarara, launin sodiyam. Mafi yawanta sodiyam kabonet ce.

A nan ne kalmar ta fi burge ni. Rawayar sodiyam tana da ƙarfi har takan rufe launin fotasiyam ko da yana ciki, sai an leƙa ta shuɗin gilashin kobalt kafin a gan shi. Haka ma farin garin da kan kwanta idan an ɗiga ruwan gwajin da ake kira silba naitiret: kuloraid na ba da shi, kabonet ma na iya kwantar da nasa, shi ya sa ake fara zuba asid ɗin naitirik don ya kawar da kabonet ɗin. Gwaji ɗaya bai isa a yanke hukunci ba, kamar yadda alƙali ba ya rufe shari'a sai shaidu sun haɗu a kan magana guda. Da na fara cewa yara su kawo mini shaida ta biyu, sun daina rubuta amsa daga ganin launi ɗaya.

Kuma Bahaushe na cewa "na shaida shi", wato na gane shi. Makiyayi na yi wa dabbarsa shaida don a bambanta ta da ta wani. Ganewa, alama da hujja duk suna cikin kalma ɗaya, su ne kuma aikin gaba ɗaya.

Na san za a ce shaida na iya kai hankali ga takardar shaida. Gaskiya ne, amma da zarar an ce za a shaida sinadari, ko an yi gwajin shaida, ruɗanin ya kau.

Abin ya wuce aji. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, kuma gwajin jini da na ƙasa ne ya fito da sunan abin da ke kashe su. Wani kwallin da ake sa wa jarirai ma dalma ce a cikinsa. Ma'aikacin lafiya da zai yi wa uwa bayanin haka a ƙauye yana bukatar kalmar da za ta shiga kunnenta nan take.

Ina roƙon malamanmu na Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero su duba mana. Akwai kuma wata da ta rage: garin nan da kan fito ya kwanta a gindin kwalba idan an haɗa ruwa biyu garai-garai. Wasu yarana na cewa laka, wasu gasara. Masu rini da masu dafa sabulun salo, ku me kuke ce masa?