Wayifai da kebul duk sun daina aiki bayan sabunta kanel a Ubuntu 22.04

Ɗan Tumfure:
Assalamu alaikum. Laftof ce mai Ubuntu 22.04 a shagon buga takardu nan Tumfure. Kanel, wato ginshiƙin Linux da ke sarrafa kayan cikin kwamfuta, ya tashi daga 6.5 zuwa 6.8, da aka sake kunna ta sai alamar wayifai ta ɓace, kebul daga rauta ma ba ya kamawa. Rautar lafiyarta ƙalau, wayoyi suna hawa. `ip a` ba ya nuna komai sai `lo`. Ana tsakiyar sabuntawar aka ɗauke wuta, batirin kuma ba ya riƙe caji. Sai na goge na sake zubawa ne?

Bappa Jekadafari:
Wa alaikumus salam. Kada ka goge komai, ƙanena. Tunda `lo` kaɗai kake gani, wato hanyar da kwamfuta ke magana da kanta, ba zancen rauta ba ne, ba kuma na DNS mai fassara sunan shafi zuwa adireshi ba. Kanel ɗin ne bai ɗora direban katin sadarwa ba, wato manhajar da ke sa katin aiki. Rubuta `sudo lshw -C network`. In ka ga UNCLAIMED a gaban katin, to ya ga ƙarfen amma ba shi da direbansa.

Ɗaukewar wutar nan nake zargi. Ubuntu ba a ƙunshi ɗaya take kawo kanel ba: akwai linux-image, akwai linux-modules, sai linux-modules-extra, kuma a wannan na ƙarshen ne yawancin direbobin wayifai suke zaune. In aikin ya yanke kafin ya gama sauka, kwamfuta za ta tashi tsaf, sai dai babu hanyar fita waje. Duba da `uname -r` da `dpkg -l | grep linux-modules-extra`. Layin da ke ɗauke da lambar kanel ɗinka dole ya fara da `ii`. In `iU` ko `iF` ka gani, ko layin ma babu shi, ka kama ɓarawon.

Gyaran: sake kunnawa, ka danna Esc da zarar tambarin kamfanin ya wuce (a tsohon BIOS Shift ake riƙewa). Shiga Advanced options for Ubuntu, ka zaɓi 6.5. Intanet zai dawo. Sai ka bi da `sudo dpkg --configure -a`, sannan `sudo apt -f install`, sannan `sudo apt install linux-modules-extra-` haɗe da cikakkiyar lambar 6.8 ɗin. A nan kada ka saka `$(uname -r)`, domin tsohon kanel zai karanto maka, ka yi ta mamakin me ya sa bai gyaru ba.

Adda Bolari:
Bappa, maganarka haka take, amma a bari ya turo `lspci -nnk | grep -iA3 net` tukuna. In katin Broadcom ne mai direban `wl`, ƙunshin extra ba zai dawo da wayifai ba, don wannan direban ba ya cikin kanel. Wata manhaja mai suna DKMS ce ke sake gina shi duk lokacin da sabon kanel ya sauka, kuma ginin ba ya yiwuwa sai da linux-headers na wannan kanel ɗin daidai. `dkms status` zai nuna ko an rubuta installed a gaban 6.8.

Ga kuma Secure Boot, tsarin tsaro da ke hana direban da ba a amince da sa hannunsa ba shiga. In `mokutil --sb-state` ya ce enabled, `modprobe` kuma ya amsa da "Key was rejected by service", direban ya ginu amma an hana shi shiga saboda ba a yi rajistar makullinsa ba. Shuɗin allon MOK da ke fitowa wajen kunnawa, wanda mutane ke danna Continue boot su wuce da sauri, a nan ake yin rajistar. Ni na fi son a yi rajistar da a kashe Secure Boot gaba ɗaya.

Ɗan Tumfure:
Na gode. Katunan biyu na Realtek ne, duka UNCLAIMED, `dkms status` bai fitar da komai ba. Layin extra na 6.8 babu shi. Matsalar, 6.5 ba ya cikin jerin Advanced options, wani ya riga ya yi `autoremove` ya share shi.

Adda Bolari:
To ta Bappa ce, sai dai ta doguwar hanya. Kwafi abin da `uname -r` ya bayar harafi da harafi. A wata kwamfutar ka sauko da fayil ɗin .deb na linux-modules-extra mai wannan lambar daga packages.ubuntu.com, a sashen jammy-updates. In an janye shi daga can, shafin Launchpad na ajiye tsofaffi. Lamba ɗaya ta bambanta, direbobin ba za su hau ba. Ɗauko shi a filashi, `sudo dpkg -i` da sunan fayil ɗin, `sudo depmod -a`, ka sake kunnawa. Kada ka dogara da jona waya ta USB, sau da yawa shi ma direbansa ya tafi tare da sauran.

Kafin nan duba `df -h /boot`, don in ya cika dpkg zai sake tsayawa a rabi. Da intanet ya dawo ka yi `sudo apt install linux-generic-hwe-22.04`, shi ke jawo extra da headers tare da kowane sabon kanel. Sabuntawa ta gaba kuma a yi ta janareta na kunne.