Sabon direba ne ni, wani mai mota yana nemana, in bar maigidana?

Ɗan_Garin_Malam:
Salamu alaikum ƴan uwa direbobi. Shawara nake nema don Allah. Na daɗe ina apranti, wato yaron mota, bana dai Allah ya yi na samu permi C, takardar tuƙin babbar mota, kuma maigidan namu shi ya cika mani kuɗin permin, ya ba ni wata tsohuwar mota mai ƙafa goma ina ɗaukar hatsi da siminti daga nan Damagaram zuwa Tanut, wani lokaci har Agadas. Matsalar ita ce albashi ba shi da rana, sai ka tambaya ka sake tambaya, kuɗin hanya ma kafin ka wuce Aderbissinat sun ƙare, in taya ta fashe sai ka kira waya ka zauna bakin gudron kana jiran a turo. To yanzu wani Alhaji mai sitarni, wato tankar mai, ya aiko mani, motocinshi a matatar mai ta SORAZ suke lodi, ya ce zai ninka mani. Ni ban cika shekara a kan sitiyari ba. In tafi ko in daure? Kunyar maigida ce ta hana ni barci wallahi.

Baba_Mai_Semi:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin zancen kunya, sitarnin nan mai jan tirela ce? In ita ce to permin C ba ya isa, sai da E, kada ka yarda a ce maka hau kawai za a gyara takarda daga baya, ranar da abu ya faru kan hanya ƴan asirans permi za su fara dubawa.

Sannan tuƙin mai daban ne da tuƙin buhu. Buhu inda ka aje shi nan yake. Mai kuwa motsi yake, ka taka birki ka tsaya sai ka ji ya taho ya bugi gaban tanki ya tura ka, a kwana kuma ya kwanta gefe guda, balle in tankin bai cika ba. Wanda hannunshi bai faɗa ba nan yake kifewa. Ga kuma manko, in ka kai aka auna aka ce lita kaza ta ɓace, yawancin masu mota a albashinka za su cire, ninkin da aka yi maka alkawari sai ya tafi a nan. Ka tambayi yaran Alhajin da ke ciki yanzu, ba shi ba, kuma ka tambayi me ya fitar da wanda ya bar motar da za a ba ka. Ni da ni ne sai na ƙara shekara guda kan mai ƙafa goman nan ina koyon ribas da kaya, in tara in yi E da kuɗina.

Matameye_boy:
Baba a yi haƙuri amma ni ban yarda da a daure ba. Haka ake ta ce mana daure daure har mutum ya tsufa ba shi da ko fili. Kuɗin permin da ya cika ai shekarun da ka yi kana wanke mota kana ɗaure tanti kana kwana ƙarƙashinta sun biya har da riba. Yaya ka tafi abinka, amma a rubuta a takarda, albashi nawa, ran nawa ga wata, kuɗin hanya nawa, wa ke biyan abin da ake bayarwa a shingen jandarma da duwan. Ka tambaya ko zai sa ka a CNSS, asusun fanshon ma'aikata, in ya yi dariya ka san irin wanda ka samu. Kuma aikin ya yi tsada fa yanzu, tun 2023 da iyakar Benin ta rufe masu Kwatano suka koma Lome ta Burkina, a jira ayari da rakiyar soja mako da mako, shi ya sa kowa ke rububin lodin gida. In ka yi jinkiri wani zai hau.

Makaniki_Sabon_Gari:
Ni ba direba ba ne, garaji nake, amma motocinku duka wurinmu suke ƙarewa. Sabon direba shi ake ba motar da tsofaffi suka ƙi, wannan kowa ya sani. Kafin ka karɓi makulli ka zo da mutum ya shiga ƙarƙashinta, a tada ta a ga iskar birki na cika da wuri ko tana zuba, a duba tayoyi ɗaya ɗaya har ta sukur, a ga takardun mota, kart giriz da bizit da asirans, da idonka. Abin da ya lalace a nuna wa mai ita gaban shaida tun ranar, in ba haka ba wata guda za a ce kai ka kashe gear.

Baba_Mai_Semi:
Matameye ka yi gaskiya kan takarda, ban musa ba. Amma ɗana ko tafiyar za ka yi kada ka aje mota a tasha ka kashe waya kamar yadda yaran yanzu ke yi. Masu motocin garin nan duk sun san juna, tare suke zama a ɗaurin aure, Alhajin da ke kiranka sai ya tambayi maigidanka. Ka ɗauki direban da ya koya maka ku je gida bayan la'asar, ka yi godiya, ka ba shi lokaci ya nemi wani, ka miƙa jak da sufana da tanti a ƙirga. Wataƙila ma jin za ka tafi ya sa ya tsaida maka ranar albashi.

Ɗan_Garin_Malam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba na bincika, mai tirela ce, E ɗin dai ba ni da shi. Oga na da ya koya mani tuƙi yana hanyar Diffa, in ya dawo zan same shi mu je wurin maigida tare. Makaniki ina garajin naku yake, ta wajen kasuwar Dole ne? Ko wannan tawa ma iskarta na zuba da dare.