Neman shawara: rumbun bayanan wani maƙwabcina ya kai GB 70, kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Ingila, kuma bayan na tashi daga aiki nakan ɗan taɓa gyaran kwamfuta. Maƙwabcina, wani Bature mai shekaru kusan hamsin, ya kawo mini laftof ɗinsa ranar Asabar. Mutumin yana buga kartar poka a intanet, yana da wata manhaja da ke rubuta duk hannun da aka raba a teburinsa, sannan ta riƙa nuna masa ƙananan lambobi kusa da sunan kowane abokin wasa: sau nawa yake shiga, sau nawa yake ƙara kuɗi, da sauransu. Shekara shida yana tarawa, hannu ya haura miliyan 9, rumbun bayanan ya kai GB 70 a kan PostgreSQL. Yanzu lambobin ba sa fitowa sai an gama hannu biyu ko uku. Rahoto kuwa, na danna na tafi na dafa shayi na dawo, abin yana nan yana juyi. Ram ɗinsa GB 8 ne, faifan ajiyar kuma tsoho ne mai juyawa, har ƙararsa kake ji kamar ɓera a cikin kwali. Shi ya dage cewa rumbun ya cika ne. Shin akwai wani iyaka da ya kai? In goge tsofaffin ko yaya?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kada ka goge komai tukuna. Rumbun bai cika ba, ko kusa. PostgreSQL ba shi da iyaka a girman rumbu gaba ɗaya, tebur guda ma yana iya kaiwa TB 32. Faifan nan da kake jin ƙararsa shi ne babban mai laifi. Duk hannu ɗaya a teburin mutum shida, layi ake rubuta wa kowane ɗan wasa, to ka ninka miliyan 9 ɗinka. In manhajar za ta haɗa lambobin mutum ɗaya, tsince-tsince take yi a wurare daban-daban na faifan. Faifai mai juyawa sai allurarsa ta tashi ta je kowane wuri, da ƙyar yake yin irin wannan karatun sau ɗari a daƙiƙa, SSD kuwa dubbai yake yi. Ram na GB 8 ba zai riƙe ko kashi ɗaya cikin takwas na rumbun ba, ka ga kusan komai sai an koma faifai. Sa masa SSD, in laftof ɗin na karɓa ka kai ram GB 16.

Wani ɗan uwa: Ƙari a kan na Injiniya: a PostgreSQL in an sabunta layi ko an goge shi, tsohon ba ya tashi nan take, yana nan kwance a matsayin mataccen layi. VACUUM na yau da kullum yana ba da damar sake amfani da wurin, amma fayil ɗin ba ya raguwa. VACUUM FULL ne ke sake rubuta teburin daga tushe. Sai dai yana kulle teburin har ya gama, kuma yana buƙatar fili a faifai gwargwadon sabon kwafin da zai rubuta. Na taɓa yi wa wani shagon magani a kan faifai da ya kusa cika, tsakar dare abin ya tsaya, gumi ya keto mini. Ka fara da kwafin ajiya a wani faifan waje, ka sauya zuwa SSD, sannan ka yi shara. Bayan ta ka bi da REINDEX da ANALYZE. Yawancin manhajojin nan suna da maɓallin da ke yin duk wannan, ba sai ka rubuta umarni ba.

Malam: Ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ni ban san kwamfuta ba, amma abin nan caca ne, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya. Gyaran laftof daban, zama a daidaita wa mutum kayan da zai ci kuɗin wasu da shi daban. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi kafin ka karɓi ladan wannan ɓangaren.

Mai tambaya: Na gode Malam, wallahi abin ya tsaya mini a rai tun Asabar. Mutumin shi ke karɓar mana saƙo in ba ma gida, shi ya sa na kasa cewa a'a kai tsaye. Zan yi tambaya in sha Allah. Injiniya, to maganar raba rumbun fa? Na ga fiye da rabin hannayen ba ma shi ya buga ba, na wasu ne da ya shigar tun 2019.

Injiniya: Ashe ga inda nauyin yake. Waɗannan mutanen da yawansu sun bar wasan ko sun canja suna, lambobinsu ba su da amfani gare shi yanzu. Ya buɗe sabon rumbu, ya shigar da na shekara ɗaya ko biyu na baya-bayan nan, tsohon ya bar shi a gefe don in yana son duba tarihi. Shafukan wasan suna ajiye kowane hannu a fayil ɗin rubutu, muddin fayilolin suna nan ana iya sake shigar da su. Ka duba postgresql.conf ma: shared_buffers yakan zo a MB 128, ana ɗaga shi zuwa kusan rubu'in ram. In SSD ya shiga, random_page_cost ka sauke shi daga 4 zuwa 1.1. Sannan ka hana manhajar kariya daga bairos leƙa babban fayil ɗin bayanan, tana jawo jinkiri ƙwarai.

Wata 'yar uwa: Ku tabbatar da injin tukuna. PokerTracker 4 da Hold'em Manager 2 a kan PostgreSQL suke, amma Hold'em Manager 3 ya koma SQLite, can babu wannan fayil ɗin saitin.

Mai tambaya: Nasa PostgreSQL ne, Hajiya, na gani da idona. Ga yadda aka ƙare: na kwafe komai zuwa faifan waje, ya ɗauki dare guda. Na sa SSD na TB 1, na ƙara ram. Ban taɓa saitin komai ba, amma rahoton da ke cin minti goma sha biyu yanzu bai kai minti ɗaya ba. Sharar rumbun da rabawar na rubuta masa a takarda yadda kuka faɗa, na ce ya yi da kansa, kuɗin kaya da na sauya faifai kawai na karɓa. Ya kalli takardar ya tambaye ni ko VACUUM ɗin irin na share kafet ne.