Cire murfin akwatin kwamfuta: magani ne ko ɗaukar wa kai aiki?

Malam, daga Kubwa: Assalamu alaikum. Tun da na ƙara wa furosesar kwamfutata (wato ƙwaƙwalwarta mai yin lissafi) gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta, zafinta yake ta hauhawa, sai na kwance murfin gefen akwatin na kafa mata fankar tsaye ta ɗaki, nan take kuwa zafin ya sauka. A ganina, a gari irin Abuja inda zafin watan Maris kan kai digiri 37, rufe akwati da sayen ƙananan fankoki asarar kuɗi ce kawai.

Injiniya, daga Wuse: Wa alaikumus salam. Malam, ban musa cewa zafin ya sauka ba, amma abin da hakan ya nuna shi ne tun farko iska ba ta ratsa akwatinka yadda ya kamata. Tsarin da aka gina akwati a kansa shi ne iska mai sanyi ta shigo ta gaba, ta bi ta kan katin hoto da ƙarfen da ke zuƙe zafin furosesa, sannan ta fice ta baya da sama. Idan ka sa fankoki biyu masu faɗin milimita 140 a gaba, da ɗaya mai milimita 120 a baya, ka kuma ɗaure wayoyin da suka tare hanya, za ka ga tazarar da ke tsakanin buɗe murfi da rufe shi ta ragu ƙwarai.

Hajiya, mai shagon gyara: Ni ƙura ce ta dame ni, ba lissafin fanka ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, duk kwamfutar da aka kawo mini a buɗe, nakan tarar da ƙurar hunturu ta yi kauri tsakanin siraran faifan ƙarfen sanyaya, har ka ciro ta da tsinke kamar audugar katifa. Fankar tsayen nan da kake yabo, Malam, ita ce take ɗebo ƙurar ɗaki tana ɗura wa injin. Idan iskar da ke shiga ta ragar tace ƙura ta ɗan fi wadda ke fita yawa, ragowar takan fice ta ƙananan ramukan akwatin, ƙura kuma ba ta samun ƙofar shiga.

Malam: Hajiya, ai ragar ita ma tana tare iska.

Hajiya: Tana tarewa kaɗan, shi ya sa ake zare ta a wanke. Wanke raga da busar da ita ya fi kwance ƙarfen sanyaya da sake shafa man da ake sawa tsakaninsa da furosesa sauƙi nesa ba kusa ba.

Ɗan'uwa, daga Jos: Mu nan kan tsauni, sama da mita 1,200 daga teku, sanyin gari yana yi mana rabin aikin, domin kowane digiri da ɗaki ya ragu da shi, kusan haka furosesa ma take raguwa. Amma Malam, akwai abin da ba a taɓo ba: nawa ka kai ƙarfin wutar furosesar?

Malam: Daga bolt 1.25 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta) na kai shi 1.35.

Injiniya: To, ga inda gizo ke saƙar. Zafin da furosesa ke fitarwa yana bin ƙarfin wutar ne idan an ninka shi da kansa, don haka wannan ɗan ƙarin kaɗai ya kai kusan kashi 17 cikin ɗari, tun ba a haɗa da ƙarin gudun ba. Yawancin furosesoshin kamfanin Intel sukan rage wa kansu gudu idan sun kai digiri 100, samfurin Ryzen 7000 na kamfanin AMD kuma a digiri 95, wato mutum na iya ƙara gudu a saiti alhali injin yana janye shi a ɓoye. Ka sauke wutar zuwa 1.30, ka gyara fankokin, sannan ka kunna Cinebench, manhajar gwada ƙarfin furosesa, na minti goma da murfi a rufe, ka maimaita da shi a buɗe, kana duba zafin a HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin sassan kwamfuta.

Malam: Zan gwada ranar Asabar da azahar, lokacin da ɗakin ya fi zafi, in kawo muku alƙaluman. Kafin nan dai murfin yana jingine a bayan ƙofa.

Hajiya: To ka juya fankar tsayen ta fuskanci kanka tukuna, kada ka kawo mini kwamfutar a Janairu.