Wa ya daɗe yana zuwa TMS? Ku ba mu labari

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena yana fama da ciwon baifola, wanda ke ɗaga mutum sama har ya daina barci, sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki na watanni. A Ingila muke. Bara aka yi masa maganin maganaɗisu, wato TMS, kwana 5 a mako har mako 6. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi, har ya koma aiki. Yanzu likita ya ce a ci gaba sau ɗaya a mako, daga baya sau ɗaya a wata, don kar ciwon ya dawo. Hankalina bai kwanta ba. Idan aka shekara ana buga masa maganaɗisu a kai, ba zai taɓa masa ƙwaƙwalwa ba?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shekarata biyu ina zuwa. Kana zaune a kujera ido biyu, ba allurar barci. Ranar farko sai da suka yi ta gwada na'urar a kaina har babban yatsana ya motsa da kansa, da haka suke gane ƙarfin da ya dace da mutum. Ji za ka yi kamar ana ƙwanƙwasa maka goshi ta hagu. Makon farko na sha ciwon kai, daga nan shiru. Mantuwa kuwa ban gani ba, har yau ni ke riƙe lissafin shago. Abin toshe kunne dai kar ya yi wasa da shi, ƙarar tana da ƙarfi.

Abin da ya ba ni tsoro daban ne. A wata na huɗu na fara barcin awa 3 in tashi garau, ga surutu, ga kashe kuɗi. Ni ina ganin warkewa ce. Matata ce ta gane hawan ne ya fara, ta kira asibiti. Aka dakatar da zaman, aka gyara mini adadin litiyam, maganin baifola da nake sha. Ku sa masa ido a kan barci, Hajiya, shi ba zai gani ba.

Ummu Sadiq: Ni a Amurka nake, wata takwas na yi na bari saboda kuɗi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da TMS a 2008 don ciwon damuwa zalla, shi ya sa inshora ta ƙi biya mini da aka ga baifola a takardata. Likitata ba ta ɓoye mini komai ba: binciken da aka yi kan ci gaba da shi tsawon lokaci ga masu irin ciwonmu ƙanana ne. Haɗarin farfaɗiya bai kai mutum 1 cikin 1,000 ba, amma rashin barci da wasu magunguna suna ƙara shi. Kar ya ajiye ƙwayoyinsa don ya ji daɗi.

Ɗan Zazzau: Kin tuna mini. Goman ƙarshe na azumi na faɗa musu ina tahajjud, suka ɗaga mini zaman zuwa bayan salla.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, ya ba ku lafiya. Ranar Talata zan raka shi, zan tambaye su wa za mu kira idan barcinsa ya ragu.