Bayan mahaukaciyar guguwa: a raba abinci ne, ko a fara tayar da kantuna?

Ɗan Sari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mai sarin kayan masarufi, kuma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da guguwar Maria, wadda ta afka wa tsibirin Puerto Rico, wani yanki da ke ƙarƙashin Amurka, ranar 20 ga Satumba, 2017. An ce mutane sun yi makonni suna neman abinci da ruwan sha, alhali dubban kwantenoni cike da kaya suna jibge a tashar jiragen ruwa ta San Juan, babban birnin tsibirin. Ta yaya kaya za su iso gari amma kantuna su kasance wayam? Kuma idan gwamnati na son taimakawa, da me ya kamata ta fara?

Tsohon Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kwantena ba ta da ƙafa, sai an samu mota, da mai, da direba, da hanya, kuma duka huɗun nan guguwar ta taɓa su. Bishiyoyi da turakun lantarki sun toshe tituna, man dizal ya yi ƙaranci, su kuwa direbobin tirela, wasunsu rufin gidajensu ya yaye suna fama da iyalansu, waɗanda suke shirye su fito kuma babu yadda za a kira su, domin kusan dukkan turakun sadarwa sun daina aiki. Tsibirin yana shigo da kimanin kashi 85 cikin 100 na abincinsa daga waje, saboda haka duk abin da ya tsayar da mota a bakin tasha ya tsayar da tukunya. A ganina, share hanya da ware wa motocin dakon abinci nasu kason mai su ne aikin farko.

Malama Mai Nazari ta amsa:

Malam Direba ya yi gaskiya, sai dai ko da motar ta isa, akwai sauran aiki a cikin kantin kansa. Wutar lantarki ta ɗauke a duk tsibirin, kuma sai da aka shafe kusan wata 11 kafin a kammala mayar da ita. Kantin da ba shi da wuta ba zai karɓi nama ko madara ba, tunda firiji na awa huɗu kawai yake riƙe sanyi idan ba a buɗe shi ba, na ƙanƙara kuwa, in cike yake, kimanin kwana biyu. Masu janareta ma sai da suka shiga layin dizal tare da asibitoci.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne biyan kuɗi. Iyalai masu yawa a Puerto Rico da katin tallafin abinci na gwamnati suke cefane, katin kuma ba ya aiki sai da wuta da sabis. Sai ka ga mace ta tsaya a cikin kanti, ga shinkafa tana gani, ga haƙƙinta a cikin kati, amma mai kanti ya ce sai tsabar kuɗi, na'urorin cirar kuɗi kuma a kashe suke. Shi ya sa nake ganin, Alhaji, janareta da hanyar sadarwa da aka ba kanti ɗaya sun fi motar kayan agaji amfani, domin kantin ya riga ya san unguwarsa, yana da sito da ma'aikata da dillalan da ke kawo masa kaya. Ban ce rabon agaji ba shi da muhalli ba. Ƙungiyar agaji ta World Central Kitchen, wadda shahararren mai girki José Andrés ya kafa, ta dafa miliyoyin kwanukan abinci a lokacin, kuma mutanen ƙauyukan kan duwatsu da hanyarsu ta yanke ba su da wani kantin da za su jira.

Mazaunin Houston ya amsa:

Ina goyon bayan Malama, amma ina so a lura cewa tsibiri daban yake. Lokacin guguwar Harvey, a watan Agustan shekarar, kamfanin H-E-B ya sake buɗe yawancin kantunansa na Houston cikin 'yan kwanaki, domin yana da sito da ma'aikata a San Antonio, wani birni da ke jiha ɗaya da Houston, wato Texas ta Amurka. Har jirgi mai saukar ungulu ya yi amfani da shi wajen kawo direbobi, ya kuma rage nau'o'in burodin da yake gasawa zuwa kaɗan domin ya samar da mai yawa. Puerto Rico ba ta da maƙwabcin da zai turo tirela ta ƙasa.

Ɗan Sari ya sake rubutawa:

Na gode muku. To, ina batun dokar Jones ta 1920, wadda ta ce sai jirgin Amurka ne zai yi dako tsakanin tashoshin Amurka? Na ji ana ɗora mata laifi.

Malama Mai Nazari ta amsa:

An dakatar da ita na kwana goma a ƙarshen Satumba, amma hakan bai sauya abubuwa sosai ba a makonnin farko, tunda cunkoson a tasha yake, ba a teku ba. Muhawarar da ake yi a kanta ta fi shafar tsadar kaya a tsawon shekaru, musamman bayan da guguwar ta lalata kusan kashi 80 cikin 100 na darajar amfanin gonar tsibirin, har ayabar da suke nomawa da kansu ta koma sai an shigo da ita.