Shin inshorar lafiya za ta biya kuɗin jinyar mai shaye-shaye?

Maman Sadiq, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Tunda dokar NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, shin ya kamata a tilasta ta ɗauki jinyar masu shan tiramol da kodin? Ta ina ake farawa a Kaduna?

Malam Bala: Wa alaikumussalam Hajiya. Mai katin KADCHMA (hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna) ko NHIA ya fara zuwa asibitin da ya yi rajista, likita ya ba shi takardar turawa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Ku karɓi lambar amincewar inshora kafin a kwantar da shi. In babu ita, daga aljihunku za ku biya. Amma ku fara tambaya ko tsarin ya ɗauki jinyar shaye-shaye, da kwana nawa na kwanciya ya ɗauka.

Anti Nas: Nan matsalar take. Fitar da ƙwaya daga jiki mako ɗaya ne zuwa biyu: zawo, gumi, ciwon gaɓoɓi, rashin barci. Wannan somin-taɓi ne. Jinya mai amfani tana son aƙalla wata 3, da zaman nasiha da bibiya. In inshora ta tsaya a makon farko, yaro ya koma ya sha adadin da ya saba alhali jikinsa ya daina jurewa, numfashi na iya tsayawa. Lallai doka ta ambaci bibiyar ƙarara.

Malam Bala: Gaskiya ne. Kuma mai shan diazepam (ƙwayar sa barci da kwantar da hankali) ko giya kada a yanke masa lokaci guda a gida, jijjiga na iya kama shi. Likita ne zai riƙa ragewa a hankali.